Tarka, Gulbin da ke Tafiya Ƙarƙashin Ƙasa

Baƙon da ya sauka Madawa a watan Maris, in ka ce masa ga gulbinmu, sai ya yi ta waige-waige yana neman ruwa. Rairayi zai gani, sai gonakin albasa kore shar har iya ganinsa. Tarka ke nan. Ruwanta ba ya fitowa sarari sai da damina, sauran shekara yana kwance ƙarƙashin ƙasa. Ina yaro a Galma, na bi kawuna fadama ranar da ya gina rijiya. Bai kai gaba uku ba ƙasa ta fara tsattsafo, ya miƙo mini laka mai sanyi a tafin hannu ya ce, “Taɓa, ɗana, ga gulbin.”

Kwarin ya taso ne daga Damargu, ya ratsa ƙasar Dakwaro, ya gangaro ta Karofan da Madawa, sannan ya tsallaka Najeriya ya faɗa Gulbin Rima. Yamma da mu akwai 'yar'uwarsa Majiya, wadda ke fitowa daga duwatsun Buza ta bi ta Ƙonni zuwa tafkin Kalmalo kusa da Illela. A kwarinta aka fara dasa layukan bedi a 1975 don tare iska.

Ita Rima, bayan ta karɓi Gulbin Maraɗi, sai ta cika madatsar Goronyo, ta haɗu da Gulbin Sakkwato, su zarce Kwara. A bakinta Gobirawa suka kafa Alkalawa, birnin da ya faɗi a 1808 hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shi kuwa Shehun a Maratta aka haife shi, nan kusa da mu, a 1754.

Abin da ke damuna koramu ne. Tun da duwatsun Adar suka zama tsirara, ruwan sama ba ya tsayawa ƙasa ta sha. Yakan sauko da gudu, ya kwaso yashi ya binne gonaki. Mutanen Keita sun nuna maganin abin tun 1984, lokacin da mata suka yi ta jera duwatsu a gangare suna dasa itatuwa. Mu a nan injinan ban-ruwa muke ta ƙarawa. Bara na koma gonar kawu, rijiyar ta ƙafe, jikokinsa sun kafa bututu gefenta.