Yadda ingancin wake ke ƙayyade girman ƙwaron da ke cin sa

Duk mai sayar da hatsi a Kasuwar Monday da ke Kakuri ko a Sabon Tasha ya san ranar da ake kwance buhun wake a tarar ƙwari na yawo a ciki. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne girman ƙwarin ya bambanta daga buhu zuwa buhu, kuma wannan bambanci yana ɗauke da bayani a kan halin da waken ke ciki.

Ƙwaron wake, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus, tsawonsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Macen takan manna ƙwanta a bayan ƙwayar wake, sau da yawa tun yana gona. Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ƙwayar ta shige. A nan za ta ci ta girma har ta rikiɗe, ba tare da ta taɓa komawa wata ƙwayar ba. A yanayin zafi irin namu, cikin mako uku zuwa huɗu ƙwaron ya huda ƙofa ya fito. Baligin ƙwaro ba ya bukatar abinci kafin ya hayayyafa, kuma rayuwarsa ba ta cika wuce mako biyu ba.

Ke nan duk jikin da ƙwaron ya fito da shi, daga ƙwaya ɗaya tak ya gina shi. Idan ƙwayar babba ce mai cika, kuma tsutsa ɗaya ce a ciki, sai ya fito da ƙiba. Idan tsamurarriya ce, ko tsutsotsi biyar suka haɗu a kanta, kowanne sai ya fito ƙarami, wasu ma su mutu a ciki. Saboda haka macen takan tantance kafin ta saka ƙwai: ta fi son babbar ƙwaya, kuma tana kauce wa wadda wata ta riga ta saka wa ƙwai, sai idan babu zaɓi.

Girman nan yana da tasiri a aljihun ɗan kasuwa, domin babbar mace ta fi ƙarama yawan ƙwai, har takan kusanci ɗari. Ashe wake mafi kyau, wanda aka saya da tsada daga Dawanau a Kano, shi ne ke renon ƙwarin da suka fi saurin yaɗuwa, don haka shi ya fi bukatar kariya tun ranar farko. Buhun da ƙananan ƙwari suka yi wa yawa kuwa, galibi alama ce cewa sun daɗe suna hayayyafa har abincin ya fara ƙaranci. Mai saye ya duba ƙwayar da kyau: fararen ɗigo a bayanta ɓawon ƙwai ne da tsutsa ta riga ta bari ta shiga ciki, ko da ba a ga huda ba tukuna.

Irin waken ma yana da rawar da yake takawa. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta gano wani irin gargajiya da ta yi wa lamba TVu 2027, wanda tsutsar ke shan wahalar girma a cikinsa, aka kuma yi amfani da shi wajen inganta wasu ire-iren. Sai dai kada a ruɗe da SAMPEA 20-T na Cibiyar IAR ta Samaru, Zariya, da aka amince da shi a 2019. Shi tsutsar da ke cin fure da kwanso a gona yake jure wa, ba ya hana ƙwaron ajiya.

Tun da tsutsar na ɓoye a cikin ƙwaya, wasu kan yayyafa guba irin su Sniper a kan wake, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Ragowar wannan sinadari, dichlorvos, shi ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, alhali ƙasar ce ke kan gaba a noman wake a duniya.

Hanyar da ta fi aminci ita ce hana ƙwaron iska. Buhun PICS mai rufi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a yankinmu a 2007, yana sa iskar da ke ciki ta ƙare, tsutsa ta daina ci ta mutu. Ma'aikacin da ke sayen mudu ashirin lokacin kaka zai iya samun irin wannan sakamako da jarka mai tsabta da murfi mai kamawa, muddin waken ya bushe sarai, an cika jarkar maƙil, kuma ba a riƙa buɗe ta ba a watanni biyun farko.