Sassabin Zamani: Abin Da Ya Sa Manoman Mayahi Suka Rungumi Itatuwa Bayan Sun Ƙi Na Gwamnati

A ƙaramar hukumar El Allassane Maïreyrey da ke gundumar Mayahi a jihar Maradi, ƙasar rairayi ce, damina gajeriya, iska kuma mai ƙarfi. Idan iska ta taso a farkon damina, takan binne geron da ya tsiro, manomi ya sake shuka da irin da da ƙyar ya samo. A irin wannan wuri, itace a gona kariya ne ga abincin gida.

Sai dai shekaru da dama manoman yankin Mayahi da Tasawa sun fi son gona fes, babu ko kututture. Dalili ɗaya shi ne al'ada: gona mai tsabta ita ce shaidar manomi na ƙwarai. Dalili na biyu shi ne hukuma. Tun zamanin Turawan Faransa, har zuwa dokar gandun daji ta 1974, itatuwa irin su gawo na ƙarƙashin ikon gwamnati ne, kuma ma'aikatan gandun daji na iya cin tarar wanda ya sare reshe a gonarsa. Itacen da ba naka ba, kuma zai iya jawo maka tara, me zai sa ka rene shi?

Bayan farin 1973 da na 1984, an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, amma mafi yawansu sun mutu. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maradi, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da saiwa mai rai. Idan aka bar rassa kaɗan masu ƙarfi aka datse sauran, sai su zama itace. Wannan ne ake kira sassabin zamani.

Da farko an haɗa shi da rabon abinci lokacin yunwa, kuma da aka daina rabon, manoma da yawa suka sare itatuwan. Abin ya kankama ne lokacin da maƙwabci ya ga amfaninsa a gonar maƙwabci, ma'aikata kuma suka sassauta. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana gero rana, yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. A Ɗan Saga da ke gundumar Aguié, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa da mata da makiyaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. A watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince cewa itacen da manomi ya rena nasa ne.

Wannan ya yi daidai da binciken Dan Kahan na Jami'ar Yale a Amurka, wanda ya nuna cewa ra'ayin mutum kan sauyin yanayi ya fi bin yadda yake kallon shugabanci da zaman jama'a fiye da yawan iliminsa na kimiyya.

Har yanzu da sauran aiki. Nijar ta yi alƙawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 nan da 2030, ga kuma shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007. Amma a ƙauye, mai gari da dattawa ne ke raba gardama idan an sare itace da dare. Matan da ke neman itacen girki, da makiyayan da ke sassabo wa dabbobi reshe, da matasan da ke noman gonar aro, galibi ba su da ta cewa. Wanda ya ari gona ba ya saurin renon itace, domin mai gonar na iya ɗauka yana neman mallake ta ne.

Ga matasan da suka tafi ci-rani Kano, Agadas ko Libiya, maganar ta shafe su kai tsaye: gonar da za su gada, ko dai su tarar da ita da gawo, ko su tarar da rairayi.