Littafin Bashi Da Ƙirƙirarriyar Basira: Darasi Daga Fadamar Haɗeja

Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna yi wa dabino barbara, sai ya nuna musu cewa wataƙila ko sun bari zai yi kyau. Suka bari, amfanin shekarar ya ragu. Da labarin ya iso gare shi, sai ya mayar musu da lamarin gonakinsu, domin su suka fi saninsa. An yanke shawara, an ga sakamako, an faɗi gaskiya, an gyara.

Wannan hadisi nake tunawa idan na ji masu bayar da rance suna yabon ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke nazarin bayanan baya ta nuna wanda ya cancanci bashi. Manhajar ba ta san gaibu ba. Abin da aka rubuta mata game da sakamakon shawarwarin jiya, shi take ɗauka ta yi hukuncin gobe.

Mu dubi fadamarmu. A daminar 2020, sannan a ta 2022, ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Auyo da Haɗeja da Kafin Hausa. Kogin yana kwaso ruwa tun daga yankin Tiga da Challawa, ga kuma kacala ta toshe masa hanya. To, idan littafin ƙungiya ko na kamfani gida biyu kawai yake da shi, "ya biya" da "bai biya ba", manomin da ruwa ya shafe gonarsa zai zauna layi ɗaya da wanda ya karɓi taki ya kai kasuwa ya sayar. Manhajar da aka koyar da wannan littafi za ta fahimci cewa mutanen fadama ba sa biyan bashi, sai ta hana su ko da na noman rani ne, lokacin da ba a fargabar ambaliya. Wanda aka hana kuwa, babu mai bin sawunsa, don haka kuskuren ba zai taɓa komawa cikin lissafi ba.

Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni a rubuta bashi da adalci, aya ta 280 kuma ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Ta yaya za a saurara masa alhali littafin bai bambanta shi da mayaudari ba?

Shi ya sa nake roƙon sakatarorin ƙungiyoyin manoma, da ɗalibanmu masu karatun kwamfuta, su ƙara gidaje a littafin: dalilin rashin biya, damina ce ko rani, wace shawara manhaja ta bayar, wace jami'i ya zartar, da abin da aka girbe. Jami'in da shawararsa ta jawo asara ya rubuta hakan da hannunsa, shugabanninsa kuma kada su mai da shi abin zargi, in ba haka ba shekara mai zuwa zai ɓoye.