Gashin da Nake Sharewa Kowace Safiya

Mako biyu da kawo akun Kawu gidana a Kano na fara tsintar gashi a ƙarƙashin keji. Ban damu ba da farko, don kowane tsuntsu yakan kaɗe tsohon gashi ya sake sabo. Kafin wata ya cika sai ga ƙirjinsa ya fito fili, fata zalla.

Kawu ya taho da shi daga Kalaba tun zamanin da yake kai albasa Kudu, suka zauna tare a Kaduna fiye da shekara ashirin. Irin akun nan ne mai launin toka da jar wutsiya, wanda kan yi shekara arba'in ko fiye a hannun mutum. Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa a farkon hunturu, Inna ta shiga takaba, 'ya'yansu kuma kowa na garin aikinsa, aka ce ni in ɗauke shi. Amana ce, ga shi tana lalacewa a hannuna.

Maƙwabcina mai kiwon tattabaru yana gani ya ce ƙwarƙwata ce, har ya aiko da hodar da yake barbaɗa wa nasa. Kafin in taɓa hodar na tattara gashin na baza a faranti. Gashin da ya faɗo don kansa yakan zo cikakke, gindinsa a bushe. Waɗannan kuwa a tattaune suke, wasu sun karye a tsakiya, biyu ma da ɗigon jini a gindi.

Likitan dabbobin da na kai wa bai fara da ƙirjin ba. Kan tsuntsun ya tsaya dubawa.

"Malam, dubi nan. Ko gashi ɗaya ya ɓace a kansa?"

Babu ko ɗaya. Ya ce cutar da ke cin gashi da bakin aku ba ta ƙyale kai. Idan kai ya tsira alhali ƙirji da cinya sun tsiraita, to inda baki ke kaiwa ne kawai ya lalace, wato shi yake fige kansa. Ya duba fata da kashi bai ga ƙwaro ba. Sai ya tambaye ni me yake ci, yaushe rabonsa da wanka.

Gyada yake ci, safe da yamma, don ita aka ce yana so. Gyada mai ne ya yi mata yawa, ba ta da bitamin A da fata ke buƙata, kuma wannan irin aku an san shi da saurin ƙarancin kalsiyam. Idan ta yi fumfuna kuwa guba ce ga hanta. A dazuzzukan Kudu da Kamaru da Kwango 'ya'yan itace yake ci, musamman kwakwar manja. Na koma ba shi karas da gwanda da ganyen zogale da dafaffiyar masara, da kwakwar manja idan na samu a Sabon Gari. Mako guda yana watsar da karas ƙasa, sai ranar da na zauna gabansa ina ci sannan ya miƙo ƙafa ya karɓa. Likita ya gargaɗe ni da fiya da cakulan da kofi, suna iya kashe shi. Na sayi gorar feshi ina yayyafa masa ruwa mai ɗumi da hantsi, don tsuntsun dajin ruwa ne, hunturun Kano kuwa har leɓen mutum yake tsagawa. Turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi aka daina kunna su kusa da shi.

Fatar ta yi laushi, amma gashi bai daina zuba ba. Nan na zauna na yi lissafi. A Kaduna ma ana hunturu, kuma gyadar nan ita ya ci shekara da shekaru, bai taɓa fige kansa ba. Ashe akwai abin da ya canza wanda ban gano ba tukuna.

Maƙwabcina ya ce kaɗaici ne, in sayo masa abokin zama a kasuwa. Na ƙi. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa kamun daji ne, kuma irinsu na ƙarewa: a Ghana an yi asarar fiye da kashi 90 cikin 100 daga 1992, har a 2016 taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg ya haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Ba zan gyara ɗaya da hawayen wani ba.

Sai na fara share ƙasan kejin sau uku a rana ina ƙirgawa. Da rana kusan babu komai. Ɓarnar duk tsakanin isha'i da hantsi take. Daren Alhamis na ɗauko tabarma na kwanta a baranda. Ƙwan lantarkin tsakar gida yana haska kejin har gari ya waye, janaretan maƙwabta yana ruri har sha biyu, can wajen ƙarfe biyu kuma wata kyanwa ta diro kan katanga ta zuba masa ido. Ya kumbura jiki, ya yi wani gurnani da ban taɓa ji ba. Aku na buƙatar barcin awa goma zuwa sha biyu cikin duhu, nawa ko rabi ba ya samu. Washegari na mayar da kejin falo, na jingina shi da bango, ina rufe shi da tsohon zane da dare.

Gashin ya ragu sosai. Abin da ya saura kuma lokaci ɗaya yake zuba, bayan sallar asuba. Na laɓe ina saurare. Ana sallamewa a masallaci sai ya yi fito, gajere sau biyu, na biyun ya fi tashi. Ya yi shiru. Ya sake. A karo na huɗu ya yi gyaran murya, muryar Kawu sak, har tsigar jikina ta tashi. Da ya ji shiru sai ya sunkuyar da kai cikin ƙirjinsa ya fara ja.

Na kira Inna a waya, na kwaikwaya mata fiton. Ta daɗe ba ta ce komai ba.

"Ɗan nan, ai gaisuwarsu ce. In Malam ya dawo daga masallaci, tun daga zaure yake amsa masa. Sai ya buɗe kejin ya ɗora shi a kafaɗa, yana lazimi tsuntsun na nan zaune har rana ta fito."

A daji aku cikin garke yake kwana, kuma da irin wannan kira suke neman juna. Wata biyu yana kira kowace asuba a gidana, ba wanda ya amsa.

Mun taso ana hana mu fito a gida, amma washegari ina shigowa daga masallaci na amsa masa tun daga ƙofa. Ya yi tsit, ya sake yi, na sake amsawa. Hawa kafaɗa ya ɗau lokaci, sai da muka yi mako uku ina buɗe kejin ina zama gefe kafin ya taka hannuna. Na daina tsawata masa idan na ga yana ja, don tsawar ma kulawa ce a wurinsa. Na riƙa naɗe gyada ɗaya biyu cikin takarda, da ɓawon masara da reshen mangwaro, bakinsa ya sami abin yagawa.

Kafin ruwan farko ya sauka, tsiron gashi ya rufe ƙirjinsa, ban da wuri ɗaya kamar faɗin babban yatsa, inda likita ya ce saiwar gashin ta mutu. Ranar da zan yi tafiya, babban ɗana ne ke amsa masa fiton.