Fuskar wa ta cancanci fentin mai? Masu zanen Amurka biyu a farkon ƙarni na 20

A shekarar 1900 kamfanin Kodak ya fitar da ƙaramar kyamararsa Brownie kan dala 1 kacal. Ɗaukar hoto ya zama na kowa a Amurka. Duk da haka attajirai da shugabanni ba su daina zama gaban mai zane ba. Hoto na nuna kamannin mutum ne kawai, shi kuwa zanen fentin mai shaida ce cewa mutum ya isa.

Fentin nan garin launi ne da ake kwaɓawa da man tsiro. Ba ya bushewa da wuri, don haka mai zane na iya gauraya launukan fata a kan ƙyalle, ko ya kankare fuskar ya sake ta. John Singer Sargent, wanda ya koyi aikin a Paris, ya yi suna wajen wannan kankarewar. Shi aka kira Fadar White House a 1903 ya zana shugaba Theodore Roosevelt, mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya. A zanen yana tsaye, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan ya dafa kan sandar matakala, kamar zai ba da umurni. Zanen na fadar har yau.

Shekara guda bayan haka, a New York, Robert Henri ya tsayar da wani yaro baƙar fata mai raba jaridu, Willie Gee, ya zana shi riƙe da tuffa. Bango mai duhu, haske a fuska, kamar yadda ake yi wa manya. Babu wanda ya yi odar zanen, kuma a ganina nan ne ƙarfinsa: yaron da ba shi da kuɗin biyan mai zane ya samu irin girman da ake sayar wa masu dukiya. A 1908 Henri da abokansa bakwai suka shirya baje kolin kansu, don nuna adawa da hukumar zane da ke tace abin da jama'a za su gani.

Sargent dai ya gaji da farantawa masu kuɗi. Wajen 1907 ya daina karɓar odar fuskoki da fentin mai, sai ɗai-ɗai, kamar na attajiri John D. Rockefeller a 1917. Sauran masu nema sai ya zana su da gawayi cikin zama guda.