Allura Da Zare: Yadda Ake Yi Wa Bargon Fulis Baki

Da zarar hunturu ya kunno kai a watan Disamba, sai ka ga masu tallar barguna sun cika Nima da Mamobi da Sabon Zangon Kumasi, har ya zuwa Tamale inda sanyin asuba ke hana tsofaffi barci. Bargon da ya fi yawa a hannun talaka a yau shi ne na fulis, wato wannan yadi mai laushi marar nauyi, mai saurin bushewa.

Shi dai fulis ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake kira foliyesta. Wani kamfani mai suna Malden Mills da ke jihar Masacusets ta Amurka ne ya ƙago shi a wajajen 1980, kuma mai kamfanin, Aaron Feuerstein, bai yi rajistar mallakar fasahar ba, shi ya sa kowa ya shiga yin sa har ya yi araha. Tun daga 1993 ma aka fara sarrafa shi daga tsofaffin gorunan roba. Mu a nan yawanci a cikin dilar gwanjo yake iso mana, ta kasuwar Kantamanto da ke Akra, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a watan Janairun 2025.

Fulis ba ya warwarewa idan an yanka shi, domin saƙarsa ba irin ta atamfa ba ce. Amma bakinsa yakan miƙe ya naɗe bayan wanki kaɗan, sai bargo ya koma kamar tsumma. Maganin wannan shi ne ɗinkin bakin bargo, kuma da hannu ake yin sa.

Abin da ake bukata shi ne almakashi mai kaifi, da alli, da zaren ulu, da allura mai tsini mai faɗin kafa, saboda allura mai dakushi ba ta huda fulis cikin sauƙi. A fara daidaita gefen yadin. Wanda yake son kusurwa mai lanƙwasa sai ya kifa faranti ya zana, sannan ya yanka. Daga nan a ɗiga alli santimita 1 daga baki, a kuma bar santimita 1 tsakanin ɗigo da ɗigo. Wannan awon shi ke bambanta aikin gwani da na ɗan koyo.

A yanko zare kamar tsawon hannu biyu, kada ya wuce haka don kada ya cukurkuɗe. A ƙulla bakinsa, a soko allura daga baya a ɗigon farko, a zagayo bakin yadin a sake sokowa ta wannan hudar, sannan a ratsa allurar ta ƙarƙashin zaren a daidai baki. Sai a soka a ɗigo na biyu daga gaba zuwa baya, amma kafin a ja zaren ya ƙare, a bi da allurar ta cikin zoben da ya rage, sannan a ja a hankali. Za a ga zare ya kwanta a kan bakin bargon, wani kuma ya tsaya a miƙe. Haka za a yi ta yi har a kewayo. Babban kuskuren masu koyo shi ne jan zare da ƙarfi, domin fulis yana da talewa, idan aka matse shi sai bakin ya tattare. A kusurwa mai tsini kuwa, sau uku ake soka allura a huda ɗaya. Idan zare ya ƙare, a ƙulla sabo a daidai baki, a cusa jelar a ƙarƙashin ɗinkin.

Bargo mai tsawon santimita 150 da faɗin 100, kewayensa santimita 500 ne, wato suka 500 ke nan, kuma zai ci zare kimanin mita 15.

A kula, tun da roba ne, wuta na narkar da shi. Kada a kusantar da shi ga kurfoti ko maganin sauro na kunnawa, kada a goge shi da dutsen guga, kada kuma a rufe fuskar jariri da shi.

Kira na ga 'yan'uwana matasan zango shi ne, kakanninmu da suka zo fataucin goro ba su ɗauki allura abin kunya ga namiji ba. Da ita suka yi aska takwas a babbar riga, da ita suka ɗinka huluna suka ciyar da iyali. Yau ga samari sun gama sakandare suna zaman benci, alhali jarin wannan aikin bai wuce allura da ƙullin ulu ba, ba ya kuma jiran wutar lantarki. Ko ba a sayar ba, akwai marayu da gajiyayyu da 'yan mata masu dako da ke kwana a bakin shaguna cikin sanyi. Ƙungiyoyinmu na matasa su sayi yadi tun kafin Disamba, a roƙi dattawan maɗinka su zauna su koya mana. Allah Ya sa mu dace.