Kunun Majinyaci: Laushi Kaɗai Bai Isa Ba

A ƙasar Batsari da Safana, kamar sauran ƙasar Hausa, idan aka sallamo mutum daga asibiti, abin da ke biyo bayan "sannu da jiki" shi ne kwanon koko. A ɗauka wani magidanci ne daga Karare aka kai Katsina, daga can aka tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya, inda aka yi masa gashin ciwon daji a wuya har mako 6. Ya dawo gida bakinsa duk gyambo, yawu ya ƙafe, ko loma ɗaya ta tuwo ba ta wucewa. Iyalinsa suka dage da dama masa koko safe da rana da dare. Bayan wata guda sai ga shi ya fi ramewa a kan yadda ya dawo, alhali kullum kwanon yana komawa babu saura. Domin gane abin da ya faru, wajibi ne a fara duba yadda haɗiya take gudana.

Yadda haɗiya take

Haɗiya tana da matakai 3. A mataki na farko haƙora suna niƙa abinci, harshe yana cuɗa shi da yawu har ya zama curi mai santsi. Manyan maɓuɓɓugan yawu guda 6 ne, uku a kowane gefen fuska, kuma jikin baligi yana fitar da kimanin lita 1 na yawu a kowace rana. A mataki na biyu curin yana isa maƙogwaro, inda hanya ta rabu biyu: ta gaba ta iska ce zuwa huhu, ta baya ta abinci ce zuwa ciki. A nan numfashi yakan tsaya na ɗan lokaci, wani ɗan marfi na guringuntsi ya rufe hanyar iska, abinci ya wuce. Idan marfin ya makara, sai a ce mutum ya ƙware. A mataki na uku tsokar bututun abinci, mai tsawon kimanin santimita 25, tana matsa curin sannu a hankali har ya faɗa ciki.

Magani na iya taɓa kowane mataki. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin baki suna sabunta kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Gashi da magungunan ciwon daji suna kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, don haka sukan haɗa da waɗannan, sai baki ya yi gyambo. Gashin wuya kuma yana raunana maɓuɓɓugan yawu. Tiyatar maƙogwaro tana barin rauni a kan hanyar abinci. Shi kuwa wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki, jijiyoyin da ke ba tsoka umarni ne suka raunana.

Lissafin kwanon koko

Koko mai ruwa-ruwa kashi 9 cikin 10 nasa ruwa ne. Kwano mai cin rabin lita yana ɗauke da gari kimanin giram 50 kawai, wato kalori 180 na kuzari da giram 5 na furotin, sinadarin da ke gina tsoka da rufe rauni. Kwano uku a yini sun ba da kalori 540 da furotin giram 15. Masana abinci kuwa sun ƙiyasta cewa mai jinyar ciwon daji yana bukatar kalori 25 zuwa 30, da furotin giram 1 zuwa 1.5, ga kowane kilo na nauyinsa. Ke nan mai kilo 60 yana bukatar aƙalla kalori 1,500 da furotin giram 60. Magidancin nan yana samun sulusin kuzarin da yake bukata da rubu'in furotin. Cikinsa ya cika, amma jikinsa yana cin tsokarsa domin ya cike giɓin. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Dabarar tsiro

Idan aka ƙara gari, kunu zai yi kaurin da mai ciwon baki ba zai iya sha ba. Maganin wannan yana cikin ƙwayar gero. Lokacin da ta fara tsira takan samar da wani sinadari mai suna amiles, irin wanda ke cikin yawu, wanda ke yanyanka sitaci zuwa sukari. Masu bincike a ƙasar Tanzaniya sun nuna a shekarun 1980 cewa ɗan garin tsiro, wanda suke kira kimea, yana tsinka kunu mai kauri ba tare da an ƙara ruwa ba, har a iya ninka yawan garin da ke cikinsa.

Ana jiƙa gero ya kwana, a tsane shi, a lulluɓe da tsumma mai tsabta da damshi har kwana 2, a shanya ya bushe sarai, a murje saiwar, sannan a niƙa. Gero ya fi dacewa, domin tsiron dawa yana ɗauke da guba. A dama kunu mai kauri, a bari ya ɗan huce saboda tafasa tana kashe amiles, a zuba cokali guda na garin a juya. Cikin 'yan mintoci zai tsinke, sai a sake tafasa shi. Malamai na iya gwada wannan a aji da kofi biyu na kunu, ɗaya da tsiro ɗaya babu. Mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita tukuna.

Ba kowa ruwa ke yi wa sauƙi ba

Ga mai shanyewar ɓarin jiki al'amarin akasin haka ne. Ruwa tsinkakke yakan riga marfin maƙogwaro isa, ya zarce huhu, ya haddasa ciwon namoniya mai iya kisa. Irin wannan majinyaci sau da yawa abu mai ɗan kauri ya fi masa, kuma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi gwargwadon kaurin. A shekarar 2015 wata ƙungiyar masana ta duniya mai suna IDDSI ta fitar da ma'auni mai matakai 8, daga 0 zuwa 7, na kaurin abin sha da laushin abinci. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajenta cokali kawai yake bukata: abinci ya tsaya a kan cokali, in an karkata ya zame gaba ɗaya, kada ya manne.

Abin da ke cikin rumbu

Karare ba ta rasa abin da ake bukata ba. Giram 100 na gyaɗa yana da furotin kimanin giram 25, don haka kunun gyaɗa ya ɗara koko nesa, muddin an tsince ruɓaɓɓiya. Ƙwai ɗaya yana da giram 6, kuma ana iya kaɗa shi cikin kunu yana bisa wuta har ya nuna. Alalen wake da aka surfa, da faten dankali, da kabewa da aka dafa aka tuƙe, da gwanda nunanniya duk suna wucewa cikin sauƙi. Babban cokali na man gyaɗa yana ƙara kalori kimanin 120 ba tare da ya cika ciki ba. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi suna da yauƙin da ke taimaka wa wanda yawunsa ya ƙafe, idan aka haɗa su da tuwo mai laushi ƙwarai a ƙananan lomomi. Kindirmo yana da amfani, amma sai an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Rogon da aka san Batsari da shi kuzari yake bayarwa, furotin ɗinsa kaɗan ne, don haka kada a dogara da shi kaɗai.

A ɗage wa mai gyambon baki yaji da citta da tsamiya da lemon tsami da abinci mai zafi sosai. Haka kuma dambu da ƙuli-ƙuli da kilishi su jira sai an warke. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau 6 a yini, yana zaune a miƙe, kuma kada ya kwanta sai bayan rabin awa. Ya kurkure baki da ruwan gishiri kaɗan bayan kowane ci.

Daga ƙarshe, akwai alamun da ba a jinyarsu a gida: tari a duk lokacin shan ruwa, murya mai gurguri bayan haɗiya, zazzaɓi, farin abu kamar kindirmo a kan harshe, ƙarancin fitsari, da rama mai ci gaba. Da zarar an ga ɗaya daga cikinsu, a nufi asibitin Batsari ko na Safana ba tare da jinkiri ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan lissafi yana iya zama wanda zai gyara kwanon majinyacin gidansu.